Indiya da Yawan Al'ummanta: Abin da Harshe Ya Samu, Addini Bai Samu Ba

A shekarar 1960 wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Selig Harrison ya fitar da littafi a kan Indiya, inda ya nuna cewa shekarun da ke gabanta su ne mafi hatsari, domin rigimar harsuna da ta yankuna na iya kekketa ta. Ba shi ya fara ba. Tun a ƙarni na 19 akwai jami'an mulkin mallaka na Birtaniya da ke cewa babu wata ƙasa wai ita Indiya, tarin al'ummomi ne kawai da bindigar Bature ta tara a inuwa guda. Yau an haura shekara sittin da wancan hasashe. Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991, Yugoslabiya ta bi bayanta cikin jini, Pakistan ta rabu biyu a 1971, Sudan ma haka a 2011, ita kuwa Indiya tana nan ba ta rasa ko jiha ɗaya ba. Bayanin da aka fi yawan ji shi ne wai Indiyawa mutane ne masu haƙuri da juna tun kaka da kakanni. Wannan bayani yana da daɗin ji a bikin ranar 'yanci, amma bai iya fassara dalilin da ya sa mutanen nan masu haƙuri suka karkashe juna a 1947, da 1984, da 1992, da 2002 ba. A ganina abin da ya riƙe Indiya ciniki ne na siyasa da aka ƙulla bisa tilas, kuma cinikin ya yi kyau matuƙa a fannin harshe, ya yi rauni a fannin addini. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: a lissafin harshe babu mai rinjaye a Indiya, kowa ɗan tsiraru ne, amma a lissafin addini akwai babba guda mai kashi huɗu cikin biyar.

Ƙidayar 2011 ta samu mutum biliyan 1.21. Da aka tambaye su harshen uwa, amsoshin da suka bayar sun haura 19,000, waɗanda ma'aikatan ƙidaya suka tace suka mayar harsuna 121 masu aƙalla mutum 10,000 kowanne. Kundin tsarin mulki ya amince da 22 daga ciki, takardar kuɗin rupi kuma tana ɗauke da ƙimarta a harsuna 17. Hindi ne kan gaba da kashi 43.6 cikin 100, sai dai wannan adadi kumburarre ne, domin an cusa masa harsuna irin su Bhojpuri, mai mutum kusan miliyan 50, da Rajasthani, waɗanda da yawan masu magana da su ba su yarda cewa karin harshen Hindi suke yi ba. Bayansa akwai Bengali mai miliyan 97, Marathi miliyan 83, Telugu miliyan 81, Tamil miliyan 69. Waɗannan ba ƙananan yaruka ba ne da ke jiran a rubuta musu haruffa. Kowanne yana da rubutunsa da adabinsa na ɗaruruwan shekaru, na Tamil ma ya kai shekara dubu biyu, kuma harsunan kudu huɗu, wato Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam, ba dangin Hindi ba ne sam. To a ajiye wannan a kalli addini a ƙidaya ɗaya: mabiya addinin Hindu kashi 79.8, Musulmi kashi 14.2, wato mutum miliyan 172, Kirista 2.3, mabiya Sikh 1.7, sauran 'yan Buddha da Jain da wasu. Mutanen ɗaya ne, amma taswira biyu ce, kuma siyasar Indiya tun daga 1947 gardama ce a kan wacce za a shimfiɗa a teburi.

Shugabannin farko ba su so taswirar harshe ba, ko da yake su suka yi alkawarinta. Tun 1920 jam'iyyar Congress ta tsara rassanta na larduna bisa harshe, domin Gandhi ya gane ba za a tara manoma da Turanci ba. Amma rabuwa da Pakistan a 1947, wadda ta tayar da mutum wajen miliyan 15 daga gidajensu ta kuma ci rayukan dubban ɗaruruwa, ta sa Jawaharlal Nehru da Vallabhbhai Patel suka tsorata da duk wani layi da za a sake ja a ƙasa. Ga shi kuma suna fama da haɗe masarautu sama da 560 cikin sabuwar ƙasar. Kwamitin Dhar na 1948 ya ce kada a yi jihohin harshe, kwamitin manyan Congress na 1949 ya ce a dakata. Wanda ya karya wannan matsayi ba janar ba ne, ba kuma ɗan tawaye ba. Wani almajirin Gandhi ne, Potti Sriramulu, da ya shiga yajin cin abinci a birnin Madras a watan Oktoban 1952 yana neman jiha ga masu magana da Telugu. Ya yi kusan wata biyu, ya mutu a ranar 15 ga Disamba. Tarzoma ta ɓarke, cikin kwana huɗu Nehru ya sanar da jihar Andhra, aka kafa ta a 1953. Da ƙofa ta buɗe sai kowa ya taso. Aka naɗa hukuma ƙarƙashin Fazl Ali, dokar 1956 ta sake zana ƙasar zuwa jihohi 14, yawancinsu bisa harshe. A 1960 aka raba Bombay zuwa Maharashtra da Gujarat, a 1966 aka fitar da Haryana daga Punjab. Yau jihohi 28 ne.

Abin da Nehru ya ji tsoro bai faru ba, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Jiha a Indiya ba suna ba ce kawai. Ita ke riƙe da 'yan sanda, da filaye, da harkar noma da lafiya, da mafi yawan makarantu, kuma da harshenta take ɗaukar ma'aikata. Matashin da ya yi karatu da Kannada ko Malayalam ya samu gwamnatin da zai rubuta wa takardar koke ba tare da tafinta ba, ya samu jarrabawar aiki da zai iya ci, ya samu kujerar babban minista da zai iya hange. Malaman makaranta da marubuta da lauyoyin ƙananan birane, waɗanda a ko'ina a duniya su ne ke hura wutar ballewa, sai suka zama masu hannun jari a tarayyar. Kuma da zarar an ba su gida, sai faɗa ya koma cikin gida: tsakanin masu gona da 'yan ƙwadago, tsakanin wannan rukunin gado (ajin da ake haifar mutum a cikinsa) da wancan, tsakanin jam'iyyu biyu masu harshe ɗaya. Delhi ta daina zama abokiyar gaba ta kowa a lokaci guda. Tamil Nadu ce babbar shaida. Jam'iyyar DMK ta C.N. Annadurai ta taso ne da kiran ƙasa mai cin gashin kanta ga mutanen kudu. Ta ajiye kiran a 1963, bayan yaƙin Indiya da Sin da kuma gyaran tsarin mulki da ya hana masu neman ballewa tsayawa takara. A 1967 ta ci zaɓen jiha, kuma daga ranar Congress ba ta sake kafa gwamnati a can ba. Jam'iyyar da ta so fita ta wayi gari tana ba da ministoci a gwamnatocin haɗaka na Delhi.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu aka yi gwaji mafi tsanani. Tsarin mulkin 1950 ya ce Hindi ne harshen aikin gwamnatin tarayya, Turanci kuma zai raka shi na shekara 15 kawai. Da wa'adin ya cika a watan Janairun 1965, ɗalibai a jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yau, suka fito, wasu matasa suka cinna wa kansu wuta, 'yan sanda da sojoji suka harbe gommai. Lissafin 'yan kudu mai sauƙi ne: idan jarrabawar shiga aikin tarayya ta koma Hindi, ɗan Uttar Pradesh zai rubuta da harshen da ya sha a nono, ɗan Madurai kuma da harshen da ya koya a aji. Firaminista Lal Bahadur Shastri ya ja da baya, gyaran dokar 1967 ya tabbatar da cewa Turanci zai ci gaba har sai jihohin da ba sa Hindi sun yarda da kansu a cire shi. Har gobe Indiya ba ta da harshen ƙasa a tsarin mulkinta, harsunan aiki kawai take da su. Masu kishin Hindi suna ganin abin kunya ne ƙasa mai tsohuwar wayewa ta riƙe harshen wanda ya mallake ta. Akwai gaskiya a zafin da suke ji, domin Turanci ya zama katanga tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa. Amma darajarsa a wannan ciniki ita ce ba na kowa ba ne, wahalarsa ta kowa ce. Hindi kuwa ya yaɗu fiye da yadda doka za ta iya yaɗa shi, ta hanyar jirgin ƙasa da bariki da 'yan ci-rani, da finafinan Bombay ɗin nan da suka cika gidajen silima na Kano da Zinder ba tare da wata gwamnati ta tilasta wa kowa kallonsu ba.

Maƙwabta sun bi ɗaya hanyar, kuma an ga inda ta kai su. A watan Maris na 1948 Muhammad Ali Jinnah ya tsaya a Dhaka ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasar Pakistan, alhali masu Bengali sun fi rabin 'yan ƙasar, Urdu kuma harshen uwa ne ga ƙasa da kashi 10. A ranar 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga. Ita ce ranar da duniya ke bikin harshen uwa yanzu. An amince da Bengali daga baya, amma rauni ya riga ya yi zurfi, ya haɗu da ƙorafin tattalin arziki da na mulkin soja, ya haifi Bangladesh a 1971. Addini ɗaya bai hana ba. Sri Lanka ta kafa dokar Sinhala kaɗai a 1956, shekarar da Indiya ke raba jihohinta, ta girbi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009.

Mai suka zai ce wannan labari ya yi tsafta da yawa, domin a gefunan ƙasar bindiga ce ta riƙe Indiya ba ciniki ba. Ba ƙarya ya yi ba. An yi shekaru ana yaƙi da 'yan Naga, dokar 1958 da ta ba soja ikon harbi da kamu ba tare da tsoron kotu ba ta daɗe tana aiki a arewa maso gabas, kuma a watan Maris na 1966 jiragen yaƙin Indiya sun yi ruwan wuta a kan Aizawl, garin 'yan Mizo, waɗanda 'yan ƙasarta ne. Sai dai a duba yadda waɗannan rigingimu suka ƙare, inda suka ƙare. Nagaland ta zama jiha a 1963. Laldenga, madugun tawayen Mizo, ya sa hannu a yarjejeniya a 1986, ya zama babban minista, Mizoram ta zama jiha a 1987, kuma tana cikin wurare mafi kwanciyar hankali a yankin. Soja yana gajiyar da 'yan tawaye, amma kujera ce ke sa su ajiye makami. Inda aka hana kujerar kuwa, ko aka ba da hannun dama aka karɓe da na hagu, wutar ba ta mutu ba. Kashmir ke nan: an tsige shugaban gwamnatinta Sheikh Abdullah an ɗaure shi a 1953, an yi ta naɗa gwamnatoci daga Delhi, zaɓen 1987 da mutane da dama suka yi imani an murɗe shi ya tura matasa daji, daga 1989 aka shiga zubar da jinin da ya ci dubban rayuka ya kuma kori 'yan Pandit, mabiya Hindu na kwarin, daga gidajensu. Kashmir ba ta rushe hujjar ba, tana nuna abin da ke faruwa ne idan aka ƙi amfani da ita. Kuma ba haɗari ba ne cewa jihar da aka fi yi wa rowar amana ita ce kaɗai mai rinjayen Musulmi.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Jihar harshe tana ƙirƙirar nata 'yan tsirarun. Jam'iyyar Shiv Sena ta Bal Thackeray ta taso a Bombay a 1966 da tsangwamar 'yan kudu masu neman aiki, daga baya ta juya kan 'yan Bihar da Musulmi. A Assam an yi wa masu Bengali kisan gilla a Nellie a 1983. Karnataka da Tamil Nadu sun shafe shekaru suna ja-in-ja kan ruwan kogin Kaveri. A Manipur rikicin Meitei da Kuki da ya fara a watan Mayun 2023 ya kashe sama da mutum 200 ya raba dubun dubata da muhallinsu. Kai, ita kanta Andhra da Sriramulu ya mutu dominta an raba ta a 2014, aka fitar da Telangana, duk da harshensu ɗaya. B.R. Ambedkar, jagoran masu rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya hango wani ɓangare na wannan tun 1955, inda ya ce kowace jiha ta zama mai harshe ɗaya, amma ba dole kowane harshe ya tattaru a jiha ɗaya ba, ya kuma yi gargaɗi kan girman jihohin arewa. Amsata ita ce duk waɗannan fitinu, da muninsu, na gida ne. Rigimar Kaveri ba ta tayar da hankalin Punjab, ta Manipur ba ta hana kasuwa ci a Chennai. Ƙasa mai faɗace-faɗace hamsin da ba su da alaƙa da juna ta fi ƙasa mai faɗa ɗaya da ya shafi kowa zama lafiya. Ɗan Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan dabara, ko da yake mu ta baya muka biyo: hukumar Willink ta ƙi ba ƙananan ƙabilu jihohi a 1958, Gowon ya yi 12 a 1967 ana gab da yaƙi, aka kai 36 a 1996, kuma manufar ita ce a daddatsa manyan yankuna, ba a tattara masu harshe ɗaya ba. Indiya ta iya tattarawa ne domin manyan harsunanta sun haura goma. Mai manya uku ba shi da wannan sararin.

Addini bai samu irin wannan gida ba, kuma da gangan ne. Masu rubuta tsarin mulki sun ɗora alhakin rabuwar 1947 a kan tsarin da Birtaniya ta kawo a 1909, na ware wa Musulmi kujeru da rajistar zaɓe tasu, don haka suka soke shi. An ware kujeru ga 'yan Dalit, waɗanda tsarin gado ya ajiye a ƙasan kowa, da ƙabilun asali, amma ba a ware wa wani addini ba. Abin da aka bayar a madadin haka shi ne 'yancin ibada da wa'azi, da ikon kafa makarantu, da barin kowace al'umma da dokarta ta aure da saki da gado. Musulmi suna kan dokar 1937 da ta tanadi Shari'a a waɗannan fannoni. Inda addini ya dace da harshe ko ƙabila, ya shigo ta ƙofar baya. Punjab ta 1966 an yi ta da sunan harshen Punjabi, amma kowa ya san jiha ce mai rinjayen Sikh. Nagaland da Mizoram da Meghalaya na Kiristoci ne. Musulmi kuwa, waɗanda suka fi duk sauran tsiraru yawa idan aka haɗa su, warwatse suke: kashi 34 a Assam, 27 a Bengal ta Yamma, kusan 27 a Kerala, 19 a Uttar Pradesh. Suna ko'ina, ba su da rinjaye a ko'ina sai Kashmir da 'yan tsibiran Lakshadweep. Ba su ma da harshe ɗaya; Musulmin Kerala Malayalam yake yi, na Kolkata Bengali ko Urdu. Shi kansa Urdu, mai mutum miliyan 50, ya faɗa tsakanin taswirorin biyu. A mahaifarsa Uttar Pradesh an mayar da Hindi harshen aiki shi kaɗai a 1951, sai a 1989 aka ba Urdu matsayi na biyu, bayan an yi zuriya guda da ba ta koye shi a makarantar gwamnati ba.

Sakamakon yana rubuce a takardun gwamnati. Kwamitin alƙali Rajinder Sachar, wanda Firaminista Manmohan Singh ya naɗa, ya ba da rahoto a 2006 cewa Musulmi kusan kashi 3 ne kacal na manyan jami'an mulki na tarayya, kashi 4 na manyan 'yan sanda, kuma a ilimi da samun bashin banki suna kusa da 'yan Dalit. Wannan bayan shekaru kusan hamsin ne na mulkin Congress, jam'iyyar da ake zargi da shagwaɓa su. A majalisar wakilai mai kujeru 543, zaɓen 2024 ya kawo Musulmi 24. Tsarin zaɓe na wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka yana saka wa al'ummar da ke dunƙule a wuri guda, yana hukunta wadda ke warwatse. Idan aka zo ga tsaron rai kuwa, abin ya fi muni. Bayan masu gadin Firaminista Indira Gandhi, mabiya Sikh, sun kashe ta a 1984, an hallaka mabiya Sikh kusan 3,000 a Delhi cikin 'yan kwanaki, da hannun wasu 'yan Congress a ciki. Rushe masallacin Babri na garin Ayodhya a ranar 6 ga Disamban 1992 ya jawo tarzomar da ta ci mutum wajen 2,000. A Gujarat a 2002, bayan ƙonewar jirgin ƙasa mai ɗauke da mabiya Hindu a Godhra, adadin gwamnati kansa ya haura 1,000, yawancinsu Musulmi.

Amma ko a nan jihohin ne ke yanke hukunci. Masanin siyasa Steven Wilkinson, a bincikensa da ya fito a 2004, ya nuna cewa tarzomar addini ba ta yin nisa a jihar da gwamnatinta ke buƙatar ƙuri'ar tsiraru, domin 'yan sanda na jiha ne, kuma babban minista yana iya kashe wutar cikin awoyi idan ya ga kujerarsa na rawa. A watan Oktoban 1990, lokacin da L.K. Advani na jam'iyyar BJP ke zagaya ƙasa da motar da aka ƙawata kamar karusar yaƙi yana tara jama'a zuwa Ayodhya, Lalu Prasad Yadav, babban ministan Bihar, ne ya sa aka kama shi a Samastipur. Ba waliyyi ba ne Lalu, kotu ta ɗaure shi daga baya kan satar kuɗin abincin dabbobi, amma mulkinsa ya tsaya ne kan ƙawancen 'yan Yadav da Musulmi, don haka ya san inda amfaninsa yake. A Kerala jam'iyyar Muslim League ta yi shekaru tana riƙe ma'aikatu a gwamnatocin haɗaka, kuma Hindu da Musulmi da Kirista suna karanta jarida ɗaya da harshe ɗaya. Kariyar da tsarin mulki ya rubuta wa tsirarun addini, a aikace rarrabuwar masu rinjaye ce ke biya musu ita: rarrabuwa ta harshe, da ta yanki, da ta rukunin gado.

Da wannan ake gane manufar aƙidar Hindutva, wadda V.D. Savarkar ya tsara a 1923, ƙungiyar RSS ta ɗauka daga 1925, jam'iyyar BJP kuma ta kai gadon mulki. Aikinta shi ne ta mayar da kashi 80 na takardar ƙidaya ya zama kashi 80 na akwatin zaɓe. Ba banza ba M.S. Golwalkar, shugaban RSS a lokacin da ake zana jihohin harshe, ya fi son ƙasa mai gwamnati ɗaya a kan tarayya, ba kuma banza ba tafiyar Advani ta fara makonni kaɗan bayan Firaminista V.P. Singh ya ware kashi 27 na ayyukan tarayya ga rukunan da aka bari a baya, matakin da ya tsaga mabiya Hindu gida-gida. Magoya bayan Narendra Modi na BJP suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na wofi ba. Suna cewa ƙasa ɗaya doka ɗaya, suna tuna shari'ar Shah Bano ta 1985, inda Kotun Ƙoli ta ba wata tsohuwa da aka saka haƙƙin ciyarwa, gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 ta rage ƙarfin hukuncin don gudun fushin malamai. Suna cewa Congress ta ɗauki Musulmi rumbun ƙuri'a, ba ta gina musu komai ba, kuma rahoton Sachar yana mara musu baya. Sai dai wanda ke kiran doka ɗaya ga kowa shi ne ya kafa dokar zama ɗan ƙasa ta Disamban 2019, wadda ta sauƙaƙa hanya ga 'yan gudun hijirar addinai shida daga Pakistan da Bangladesh da Afganistan ta tsallake Musulmi, har da 'yan Ahmadiyya da Hazara da ake tsananta wa a can. Shi ne kuma a ranar 5 ga Agustan 2019 ya soke matsayin musamman na Jammu da Kashmir, ya raba ta biyu, ya sauke ta daga jiha zuwa yankin da Delhi ke juyawa, abin da ba a taɓa yi wa wata jiha ba. Irin wannan matsayi na musamman da Nagaland da Mizoram ke da shi kan filaye da al'adu ba a taɓa shi ba.

Duk da haka aikin bai kammala ba, kuma abin da ya tare shi shi ne taswirar 1956. A ganiyarta a 2019, BJP ta samu kujeru 303 da kashi 37 na ƙuri'u, wato fiye da rabin masu zaɓe ba su bi ta ba. A 2024 ta sauko zuwa 240, ƙasa da 272 da ake buƙata, sai da ta jingina da Chandrababu Naidu na Andhra Pradesh da Nitish Kumar na Bihar, shugabannin jam'iyyun jiha. A Tamil Nadu, inda mabiya Hindu suka kusa kashi 88 kuma gidajen bautarsu suka fi na ko'ina girma, ba ta ci ko ɗaya cikin kujeru 39 ba. Gwajin da ke gaba kuma na lissafi ne. Tun 1976 aka daskarar da rabon kujerun majalisa a kan ƙidayar 1971, don kada a hukunta jihohin da suka rage haihuwa, a 2001 aka tsawaita har zuwa ƙidayar farko bayan 2026. A tsakani kudu ta sauko ƙasa da 'ya'ya biyu ga kowace mace, Bihar tana wajen uku. Idan aka sake rabo bisa yawan jama'a zalla, Uttar Pradesh mai kujeru 80 da maƙwabtanta masu Hindi za su ƙaru, kason kudu zai ragu, alhali kudu na zuba haraji fiye da abin da ake mayar mata. Ɗan arewa yana da gaskiya idan ya ce ƙuri'arsa ta yi arha, domin ɗan majalisarsa na wakiltar mutane da yawa fiye da na Kerala. Ɗan kudu ma yana da gaskiya idan ya ce sharaɗin zamansa a tarayyar shi ne kada wani harshe ya iya mulki shi kaɗai. Saboda haka ne M.K. Stalin, yana babban ministan Tamil Nadu, ya tara shugabannin jihohi da dama a Chennai a watan Maris na 2025, har da na Punjab, suka nemi a ƙara wa daskarewar shekara 25.